Ruwan Bayan Gwadabe

Mijina Gwadabe yana fizge-fizge a kan gadon asibiti, na rasa inda zan riƙe, sai matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa ta taso ta danne mini ƙafafunsa. Balaraba ke nan. Alheri ta fara yi mini, kuma har yau in na tuna ta sai ƙirjina ya yi zafi.

Daminar bara ce, a Kano. Ciwon mijinta Ja'afar da na Gwadabe iri ɗaya ne. Nawa da zazzaɓi da ciwon kai ya fara, muka ce na sauro ne. Rannan ya dawo daga gona ya kasa gane ƙofar ɗakinsa, kafin la'asar ya faɗi.

A asibiti likita ta tara mu, ni da Balaraba, ta yi bayani da Hausa. Ta ce ƙwaƙwalwarsu ce ta kumbura, wata ƙwayar cuta ce ta shiga, ba hauka ba ne. Sun fara magani ta jijiya, amma suna son ɗiban ruwa kaɗan a gadon baya da allura, su san wace iri ce.

"Kun yarda?"

Nan take Balaraba ta ce ta yarda. Daga wata ruga ta zo a bayan Doguwa, dangin mijinta sun yi kudu da shanu, ba ta da wanda za ta tambaya. Har tausayinta na ji. Ni mijina yana da yayye, kuma a gidansu mace ba ta yanke magana a kan jikin namiji. Na aika wa babbansu, Yaya Habu, ya ce kar a taɓa shi sai ya zo.

*

"Ruwan baya?" in ji Yaya Habu. "Ai nan ƙarfin namiji yake. Wa aka taɓa ɗiba wa ya sake taka ƙasa?"

"Yaya, ga mijin Balaraba an yi masa."

Ya leƙa Ja'afar, yana kwance bai san inda yake ba. "Kin ga ya tashi? Dije, ƙanena ne tun kafin ya san ki."

Likitar ta ce to a bar maganar ruwan, a bar shi dai ya ƙarasa allurarsa. Yaya Habu ya ce ya san halinsu, yana juya baya za su tsira masa. Ya samo mota. Balaraba ce ta taya ni naɗe tabarma, ta zuba mini dawo a jaka.

A gida aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Dangi sun cika zaure, kowa da maganin da ya kawo. Gwadabe ya rasu masarar da ya shuka ba ta yi goyo ba.

*

Bayan na fita takaba na haɗu da Balaraba a kasuwar Tudun Wada. Tana janye da Ja'afar a hannu. Yana jan ƙafa ɗaya, bakinsa ya ɗan karkace. Amma a kan ƙafarsa yake.

Ta yi mini ta'aziyya har da hawaye, sannan ta shiga kukan nata.

"Ya tashi, amma ba shi ba ne. Shanunsa ma bai san su ba. Ni nake yi masa wanka, ni nake ba shi a baki. Jiya tukunyar miya ya kifar mini yana dariya."

"Yana dariya?" na ce.

"Kamar yaro. Wallahi na gaji, Dije."

Na dubi zanenta, duk shatin miya. Nawa fes yake.

"Riƙe mini shi in sayo gishiri, kar ya bi mutane."

Ta ɗora hannunsa a kan nawa ta shige cikin rumfuna. Hannun da ɗumi, ga kanta irin ta mai riƙon sanda. Ya damƙe yatsuna, bai san ko wace ce ni ba.

Da ta dawo ta ce, "Na gode." Ta miƙo hannu. Sai da ta sake cewa, "Dije, na gode," sannan na sake shi.