Karkatacciyar Tsaga

Kwana tara kwamfutar ofis tana haihuwar eriya. Ta zana dubu, ta watsar da duka sai goma, ta haɗa goman aure su haifi wata dubun. Injiniya kuwa zama ya gagare ta. Ta leƙa, ta fita, ta dawo da shayin da ba za ta sha ba.

Abin da take nema bai fi farcen babban yatsa ba: eriyar da za ta kama zangon rediyo mai faɗi, amma ta toshe kunne ga hayaniyar wayoyin jama'a. Na'urar auna bugun zuciya za a liƙa wa. Mutanen asibiti za su zo gwaji yau da ƙarfe biyu, in ta faɗi su kai aikin wani wuri.

Zanen da ya yi nasara mummuna ne, da wata tsaga a tsakiya, a karkace kamar sawun tsutsa. Tun jiya Injiniya ta miƙa shi ga Baba, tsohon da ya shekara talatin yana fitar da zane a kan allon tagulla.

Ƙarfe ɗaya ta jona eriyar a na'urar gwaji. Layin da ke fuskar na'urar ya kamata ya nutse daidai inda hayaniyar take, alamar eriyar ta toshe ta. Ya wuce sumul abinsa. Ta canza waya. Ta kashe, ta kunna. Sai ta ɗauki gilashin ƙara girma, ta ga tsagar a miƙe sak.

Ta nufi ɗakin Baba, takalminta ɗaya na neman zamewa.

"Baba, ina tsutsata?"

"Na gyara miki ita, 'yar nan. Injin naki hannunsa rawa yake yi."

"Ai karkatar ce ke korar hayaniyar!"

"Ikon Allah. To me ya sa sai ta karkace?"

Ita ma ba ta sani ba. Kwamfutar ba ta taɓa faɗa ba, gwadawa kawai ta yi ta ga ya yi.

"Wallahi ban sani ba, Baba. Kuma saura minti arba'in."

Ya dube ta ta saman tabarau. Sabon allo sai gobe. Ya janyo fitila, ya cike tsagarsa da dalma, ya ɗauki 'yar wuƙa mai tsini ya soma bin zanen, yana tsaki a kowace kwana. Ita tana zagaya teburin.

"Ki tsaya wuri guda, kina kaɗa min haske."

Da suka jona, layin ya nutse, amma ya ɗan goce gefe. Baba ya ƙara kankare kamar ƙwayar gero. Layin ya matsa ya zauna a gurbinsa.

Ya goge wuƙar a rigarsa.

"In sun tambayi wanda ya yanka wannan abin kunyar, ki ce ba ki san shi ba."