Layi na Arba'in da Ɗaya

Wata bakwai ke nan da Injiniya ta fara aiki a kamfanin, kuma har yanzu teburinta na nan kusa da ƙofar banɗaki, inda ake ajiye sabon zuwa. Kamfanin ba wani babba ba ne: ɗakuna biyu a saman shagon tayoyi, ma'aikata shida, sai manhaja guda da suke sayar wa ƙananan asibitoci don rubuta sakamakon gwajin jini. A gida ma Injiniya ake ce mata, tun ranar da ta kwance rediyon mahaifinta tana yarinya ta kasa mayar da ita.

Kafin manhajar ta hau kowace kwamfuta, akwai wani ɗan shiri da ke fara gudana. Shi ne ke leƙawa ya ga ko kayan da ake bukata sun cika, sannan ya harhaɗa ta daidai da injin. A ofis share-fage suke ce masa. Yana aiki yana ba da labari a allo, layi bayan layi. Farin layi na nufin ana tafiya lafiya. Rawaya gargaɗi ne, amma aiki bai tsaya ba. Ja kuwa birki ne, in ya fito an tsaya ke nan sai an gyara.

Dattijo, wanda ya fi kowa daɗewa a kamfanin, shi ne ya rubuta shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin gemunsa bai yi furfura ba. Duk sanda wata matsala ta ɓullo sai ya ƙara rawaya ɗaya, har suka kai sittin da uku. Babu mai karanta su. Ko 'yan ofis, in sun kunna shi tashi suke yi su haɗo shayi, su dawo su duba layin ƙarshe kawai, wanda ke cewa an gama.

Wata Laraba da hantsi wata mai gwaji ta bugo waya daga wani ɗan asibiti a bayan gari, Injiniya ce ta ɗauka. Matar ta ce an kawo musu sabuwar kwamfuta, ta ɗora manhajar da kanta, allo ya ce an gama. Sai da aka kwana huɗu likita ya lura takardun sakamako na fitowa da gefen dama a guntule, daidai wurin da ake rubuta ma'auni. Lamba na nan, amma ba a san ta mene ne ba. Mutum goma sha ɗaya aka kira su dawo, ciki har da wata tsohuwa da sai ta hau mota biyu kafin ta iso.

Injiniya ta sa aka turo mata hoton allon, ta bi rawayen da yatsa. Na arba'in da ɗaya ya faɗi komai, amma da yaren masu sana'ar: ba a sami sashen buga takarda ba, an koma ga na wucin gadi. Share-fage ya ga matsalar, ya faɗa, ya wuce abinsa.

Ta ɗauki hoton ta je teburin Dattijo, ta ce a ganinta wannan layin ja ya kamata ya zama. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce da can ja ne, shi ya sauya shi. Akwai shekarar da jan nan ya rufe wani ɗakin gwaji kwana uku, marasa lafiya na zaune a benci, saboda ƙaramin abin da ko babu shi za a iya lallaɓawa.

“Wanda ke can ba shi da ke a kusa, 'yata,” in ji shi. “In kin tsayar da shi, kin tsayar da layin mutane a bayansa.”

“Baba, ai gara a tsaya da a ba mutum takardar da ba a san kanta ba.”

Manaja ya saurari kowa, kuma da yake shi ya sha faɗan likitan nan, ya goyi bayanta. Ta sauya kalma ɗaya a cikin rubutun, rawaya ya koma ja, aka saki sabon zubi ranar Juma'a. Ta tafi gida tana jin ta yi abin kai.

Ranar Litinin kafin ta ajiye jaka waya ta fara ƙara. Asibiti tara suka tsaya cak. A yawancinsu sashen na nan, sunansa ne kawai ya bambanta a tsofaffin injuna, ita kuwa ba ta san da haka ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne saƙon da ta rubuta da hannunta: “Kuskure 41. An dakata.” Ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba.

Cikin masu bugowa har da mai gwajin nan. Ta karanta mata saƙon a hankali, ba fushi a muryarta, sannan ta ce, “To 'yar'uwa, na dakata. Sai in yi me?”

Dattijo bai ce na faɗa miki ba. Ya jawo kujera kusa da ita, suka raba asibitocin, shi biyar ita huɗu, suka bi su ɗaya bayan ɗaya ta waya har la'asar. Da ma ya yi mata faɗa, da ya fi mata sauƙi.

Washegari ta nemi izini ta tafi asibitin bayan gari. Ɗakin gwajin ɗan tsukuku ne, firji a kusurwa, kwamfuta a kan kabad a gaban taga. Ta roƙi mai gwajin ta sake kunna share-fage kamar ba kowa a ɗakin, ita kuma ta koma baya ta rungume hannu. Nan ta ga abin da ba a gani daga ofis. Hasken taga na dukan allon, rawaya da fari duk sun zama ɗaya. Layukan na gudu fiye da ido. Can a tsakiya shirin ya yi shiru na kusan minti huɗu, ba ko ɗigo, sai ta ga hannun matar ya nufi makunni. Da ta tambaye ta, matar ta ce ai kullum in ya kai nan mutuwa yake yi, sai ta kashe ta kunna sau biyu ko uku kafin Allah ya sa ta yi haƙurin jira.

Da ta dawo ta buga saƙonnin nan sittin da uku a takarda, ta yanka kowane daban, ta baza a teburin cin abincin ofis. Kwana uku suka yi ita da Dattijo a kansu. Tana ɗaga takarda tana tambaya: in wannan ya fito, akwai abin da mutum zai yi? In babu, a tura shi fayil ɗin bayanai, mai bukata ya je can. In akwai, kuma rashin yi zai ɓata sakamako, ja. In ba zai ɓata ba, rawaya. Dattijo na tuna tarihin kusan kowanne, da asibitin da ya jawo shi, da wanda ya bugo waya yana zagi. Wasu yakan yi dariya ya ce injin da aka rubuta su dominsa ya daɗe da zama tarkace. A kan biyu suka yi ta ja-in-ja, ta bar masa ɗaya ya bar mata ɗaya.

Sababbin saƙonnin kuwa gida ta kai su, wurin yayarta, tela ce da ba ruwanta da kwamfuta. Yaya ta karanta tana taka keke, allura a baki. Ta mayar mata da rubutun farko na layi na arba'in da ɗaya ta ce wannan sai ka ce ɗan sanda ya tare ka a hanya. Na biyu ta ce ya yi ta ba da haƙuri har ta manta abin da ya lalace. Sai a na biyar ta gyaɗa kai. Ga abin da ya ce: “Ba a sami sashen buga takarda ba. In aka ci gaba, sakamako zai fito ba ma'auni, shi ya sa aka tsaya. A saka faifan firinta, a sake kunnawa. Ba abin da ya ɓace.”

A ƙarshe ja biyar suka rage, rawaya huɗu, kowanne da sunansa a rubuce a gabansa don kada a dogara da launi. Rawayen na sake fitowa a ƙasa, dab da layin ƙarshe. Wurin shirun nan kuma yanzu yana cewa aikin zai ɗauki kamar minti huɗu, kada a kashe, yana ƙirga su.

Wayoyi suka ragu, ko da yake ba su ƙare ba, don akwai wanda ko me aka rubuta sai ya ji muryar mutum. Cikin wata na biyu Dattijo ya ɗauki hutun mako biyu, na farko cikin shekara huɗu, ya ce zai je ya ga jikokinsa. Ranar Talata ya bugo yana tambaya ko an neme shi. Injiniya ta ce mutum ɗaya ne, shi ma tawadar firinta ce ta ƙare masa. Ya ce to madalla, a gaida mutanen ofis. Ranar Alhamis ya sake bugowa, ta ce masa lafiya lau, ya koma wurin yara.