Kofre da Ƙyauren Kawu Mudi

Kawu Mudi, ƙanen mamata, bai daɗe da zuwa Njamena daga Kano ba. Mai walda ne, amma a nan ba wanda ya san hannunsa. Da ƙyar Baba ya shawo kan Usta Abdallah, mai yi mana gini a unguwar Butalbagar, ya yarda zai gwada shi na wuni guda. In ya yi, ya ɗauke shi aiki.

Ranar na kai wa ma'aikata shayi, sai na tarar kowa a tsaye. An yi ruwa da asuba, fili duk taɓo. Usta ya ce ba zai ta da gurup ba, wato janareta, sai an kawo kofre. Kofre akwati ne mai hannu, da soket a jikinsa. Wutar gurup cikinsa take fara shiga, sannan injin walda ya ja. Idan waya ta taɓa ruwa, shi ke yanke wutar kafin ta kama mutum.

Usta ya buga wa Kawu waya. "Mudi, biya sito a Marjandafak ka taho da kofre. Shuɗin nan!"

Can sai ga tasi tana tafe a hankali, an ɗaure mata ƙyauren katako shuɗi a sama. Kawu ya fito yana murmushi.

"Ya akhi, ɗan'uwa, mene ne wannan?" in ji Usta.

"Ƙyaure, Usta. Shuɗi, yadda ka ce."

"Kofre na ce! Kofre!"

"To ai shi ne. Ni na ɗauka haka Hausarku ta nan take."

Magina suka kwashe da dariya, har wani ya ƙware da shayina. Usta kuwa ko murmushi. Na ja Kawu gefe na raɗa masa, "Faransanci ne, Kawu. Akwatin wuta."

"Sakinatu, shiga mota ki nuna mini shi, don Allah."

Muka je muka dawo da shi a cinyata. Usta ya karɓa, ya duba hagu ya duba dama. Ko'ina ruwa, babu inda zai ajiye. Kawu ya jera bulo, ya kwantar da ƙyauren a kai, ya ɗora kofre, ya ɗage wayoyin daga taɓo.

Gurup ya tashi. Kawu ya sa tabarau ya haɗa ƙarfen taga, ɗinkin ya fita sumul. Usta ya daɗe yana dubawa.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Gobe ka zo da wuri. Amma in na ce ka kawo martu, guduma nake nufi. Kar ka ɗauko mini matar wani."