Bindiga Ɗaya a Goshin Jirgi

Da Kamil ya ce an tura shi jirgin rakiya, ubansa Isiyaku har hamdala ya yi. A wurin Bahaushe ai rakiya taka wa baƙo ce zuwa bakin titi, a yi sallama a juyo. Ya ɗauka haka sojojin ruwan Najeriya suke yi wa manyan jiragen mai. Babu direban da bai sha labarin ba a unguwarsu ta Jaradiya.

Isiyaku direba ne a Riyad. Maigidansa Abu Fahad tsohon hafsan sojan ruwa ne, ritaya ta jefo shi garin da ko kududdufi babu, amma bakinsa bai bar teku ba. Wata safiya suna cikin cunkoson unguwar Malaz, Isiyaku ya miƙa masa waya don ya ga hoton jirgin ɗansa.

Tsohon ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya jima yana kallo.

"Ya Ishaƙ, bindigar ke nan, ɗaya a goshi?"

"Ai rakiya kawai suke yi, ya ammi," in ji Isiyaku, da yake haka yake kiransa, wato baffa da Larabci.

"Ka san aikin ɗan rakiya? Shi ake sawa tsakanin wuta da babban jirgi. A yaƙin yanzu, tun ba ka hango maƙiyi ba makaminsa ya iso. Wallahi wannan ta yi kaɗan."

Ashe kallon kitse Isiyaku yake yi wa rogo. Tsoro ya kama Isiyaku, haushin kansa ya biyo baya. Yana sauke tsohon a ƙofar banki ya kira Kamil a Legas.

"Ka ajiye musu kakinsu ka koma gida."

"Baba, mu ba da ƙasa muke yaƙi ba, 'yan fashin teku ne a ƙananan kwalekwale."

"Bindigar ta isa ko ba ta isa ba?"

Kamil ya ce, "Wani lokacin ba ta isa. Amma in ba mu je ba, ma'aikatan jirgin man ko ita ba su da. Yanzu za mu tashi, Baba. A sa mini albarka."

"Sai ka sauka daga jirgin nan tukuna," in ji Isiyaku, ya kashe wayar.

Taurin kai dai gadonsu ne, kuma ya fi kowa sanin inda yaron ya samo shi. Kamil ba zai sauka ba. Zai shiga ruwa ne da bindiga ɗaya, ga shi ubansa ya ƙara rage masa abin da yake da ikon ba shi, wato albarka.

Ya sake kira, wayar ba ta shiga ba. Ya ƙara, haka. Abu Fahad ya fito ya zauna a baya ya ce, "Yalla, mu tafi."

"Ka yi haƙuri, ya ammi. Motar nan ba za ta motsa ba tukuna."

Ya danna saƙon murya: "Kamil, Allah ya yi maka albarka. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya."

Saƙon ya fita daga wayarsa, amma bai isa can ba. Motocin baya suka dame shi da ham. Isiyaku ya ja birkin hannu, ya ƙura wa wayar ido.