Motar da Ta Sha Ruwan Teku

…kuma ai ɗigo uku ne kawai, Telo. Uku. Na durƙusa da safe na gan su a simintin gareji, na dangwala da yatsa na shinshina. Man birki ne, ba sai an gaya mini ba, shekara talatin da ɗaya ina riƙe da sitiyari. Na murje su da tafin takalmi. Wa ya gani? Babu.

Yanzu ga ni a ƙofar cocin Kalbario, a kan tudu, hancin mota yana kallon gangare. Ranar Waliyyi Kiristoba, ranar direbobi, kuma bana motata aka zaɓa ta ɗauki waliyyin. Tawa! Sun tsayar da mutum-mutuminsa a kujerar baya sun ɗaure da igiya, tunda ba ta da rufi, kowa zai gan shi. Daga nan zuwa kasuwa layi bakwai ne, duk gangare, an shimfiɗe hanyar da ɗanyen ganyen itacen pino mai santsi kamar sabulu. Mata a gaba da ƙafa, waliyyi a bayansu, sauran motoci a bayan waliyyi. Haka ake yi tun Baba yana jan bas.

Kai kana can Houston abinka. Me ya dame ka?

A'a, ba laifinka ba ne. Kai, laifinka ne mana! Uwa ɗaya uba ɗaya, na roƙe ka abu ɗaya tak: je ka filin gwanjon ka leƙa ƙarƙashinta. Tafiyar awa biyu. “Yaya, ina wajen aiki, ai ga hotuna nan.” Hotuna… goma ne, har yau ina iya jera su. Gaba, baya, dama, hagu, kujeru, inji. Impala ’yar sittin da huɗu, ja wur, tana sheƙi a rana. Ba ko ɗaya da aka ɗauka daga ƙasa. Me ya hana ni tambayar dalili? Wanda ya tsaya ya ɗauki hoto goma, me zai hana shi durƙusawa ya ɗauki na sha ɗaya, in ba—

Agogon gwanjon nan da ke zagayawa a fuskar waya. Wani daga Poland ya taya, wani daga Dubai ya ƙara, mutanen da ban san fuskarsu ba, amma na tsane su kamar sun zagi uwata. Matata Herminia ta sauke alalar masara, tana ta kira daga kicin, “Tsoho, tamal ɗinka zai huce!” Babban yatsana yana danna, yana danna. Sai duk suka yi tsit, suka bar mini. Har tsalle na yi. Ban ce a raina, me suka gani da ya sa suka janye ba?

Ga ta can, Herminia. Ita ce a sahun ƙarshe na matan, taku huɗu daga bambar gaba, riƙe da kaskon turare. Gwiwarta ta hagu ba ta lanƙwasuwa tun bara, shi ya sa suka bar ta a baya, don kada ta riƙe sahu. A baya… wato dab da ni.

Fedar birki ta sauka. Ko ni ne nake ganin haka? Ɗazu da na taka ta tsaya a daidai idon sawuna, da tauri. Yanzu kamar ina taka cikakkiyar ayaba. Kar ka yi famfo, Arnulfo. Duk famfo ɗaya cokalin mai ne ya tafi ƙasa. Riƙe kawai.

Akwai kalma ɗaya da jan rubutu a takardarta ta can, na tambaye ka. Ka ce, “Inshora ce ta cire ta daga lissafi, ambaliya ta ɗan taɓa ta.” Ta ɗan taɓa ta! Guguwa ta kwaso teku ta zuba a garin mutane, mota ta kwana nawa a ciki, Allah kaɗai ya sani. Da ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Barrios aka yi mata sababbin takardu, farare tas, ba jan rubutu, ba komai. Takarda ta yi wanka. Ƙarfen fa, wa ya wanke shi?

Da na ɗaga kujerar baya sai ga yashi. Yashi, Telo, da ’yan ƙananan bawon kaguwa. Kowane noti da farin gari a kansa, na lasa, gishiri. Na share yau, jibi ya sake fitowa, kamar tana gumi. Ban gaya wa kowa ba. Cewa na yi wata tsohuwa ce a Texas, mijinta ya mutu, ta kulle motar a gareji shekara arba’in. Har suna na raɗa wa tsohuwar. Har kyanwa na ba ta!

Nazario ne kaɗai… Ka tuna Nazario, mai babbar motar katako, wanda ya riƙe mini ’yata Lidia ranar baftisma. Shekara shida a jere shi yake ɗaukar waliyyi. Ya zagaya ta sau biyu, ya sa kai ta taga, ya ja hanci. “Aboki, wannan tsohuwar taka kifi take sayarwa ne? Ƙarni nake ji.” Duk tasha aka fashe da dariya. Na ce hassada ga mai rabo taki ce. Na yi dariya ni ma.

Ai na yi aiki, kar wani ya ce ban yi ba. Na canza wayoyi, na canza dadduma, na wanke tankin mai, na sake fatar kujeru. Birkin hannu ya tsinke a hannuna satin farko, wayarsa ta ruɓe. Giyar tsayawa ba ta kamawa, sai ka ji ƙar-ƙar-ƙar ta zame. To sai me? Dutse nake sa mata a taya, mutane suna cewa Don Arnulfo akwai tsantseni, direban zamanin da ke nan. Yanzu ma ga dutse a tayar gaba, ni na sa shi da hannuna, ba zai motsa ba sai Fada, limamin cocin, ya ɗaga hannu. Tsakanina da Herminia akwai dutse. Akwai ƙafata, akwai dutse.

Bututun birkin ne. Dogon nan, siriri kamar tsinken tsire, wanda ya taso daga gaba har tayoyin baya. Motocin zamanin nan hanya biyu ake yi musu, in ɗaya ta fashe ɗaya ta riƙe ka. Wannan hanya ɗaya ce. Rami ɗaya kamar bakin allura, shi ke nan, tayoyi huɗu sun zama na Allah. Na kwanta a ƙarƙashinta na taɓa shi, tsatsa ta zubo mini a ido. Na yi odar sabo, aka ce sati shida. Biki saura huɗu. To me zan yi? In koma gaban kwamiti in ce ku mayar wa Nazario?

Baƙin fenti na shafa masa. Da ɗan buroshi, a hankali, har ya yi kyau.

Wayyo ni. Na faɗa. Ko a ɗakin ikirari ban faɗa wa Fada wannan ba.

Ga Fadan nan yana zuwa da bokitinsa, yana yayyafa wa kowace mota ruwa mai tsarki. Ya watsa a bonet, ya watsa a gilashi, ɗigo biyu a fuskata. Ruwa kuma, Fada? Ai ta sha ya ishe ta. “Ɗana, kyakkyawa ce,” in ji shi. Na gyaɗa kai. Ya wuce motar baya.

Baba shekara ashirin da biyu yana jan bas a duwatsun nan, ko kaza bai taɓa takawa ba, amma ba a taɓa ba shi waliyyi ba, wai bas ɗinsa ta tsufa. Kullum yana can wutsiyar jerin gwano yana shaƙar hayaƙin mutane. Shi ne yake cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na sani, Baba. Tun ranar da na ga yashin na sani.

In sa giya ta ɗaya, inji ya riƙe ta? A wannan gangaren za ta fi gudun matan sau uku. In kifa ta bangon kantin magani? Mutane ne jingim a gefen titi, da laimominsu. To layin farko dai ba shi da tsanani… na biyu ma… a na uku ne hanya take karyewa, wajen famfo. Wataƙila ta kai. Ɗigo uku a kwana guda ai ba—

Tana sauka. Wannan karon ba idona ba ne, yatsun ƙafata sun miƙe. Sun fara kunna tartsatsin wuta, tas-tas-tas, hayaƙi ya cika ko’ina. Kiɗan marimba ya tashi daga motar baya. Herminia ta juyo, tana murmushi, ta ɗaga mini kaskon turaren kamar tana cewa ka ga, tsoho, yau ranarka ce. Jiya har rana ta faɗi tana guge mini wannan farar rigar.

Tsoro nake ji, Telo. Tsoro tsagwaronsa.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Su yi dariya. Nazario ya yi ta ba da labarina har jikokinsa, mai motar kifi, mai tsohuwar ƙarya da kyanwarta. A cire ni daga kwamiti. Sai me? Kunya ba ta taɓa karya wa kowa ƙashin baya ba. Zan kashe inji, in miƙe, in ce jama’a ku sauke waliyyi, motar nan ba ta da birki. Kalma nawa ce? Dutsen yana nan, zai riƙe ta har in gama magana. In kira Nazario tukuna, shi ne a kusa da taya, in ce kada kowa ya taɓa—

Ga shi ya zo jikin ƙofata, yana washe baki, yana ihu don ya fi ƙarar wutar. “Aboki, na yafe maka bana! Ni da kaina na buɗe maka hanya, ja mu je!”

Me ke hannunsa?

Dutsen ne. Ya ɗaga shi sama yana nuna wa jama’a, suna tafi. Tun yaushe? Tun yaushe ya cire? Ashe duk wannan zancen da nake yi da kai, ƙafata ce kaɗai…

Matan sun fara tafiya. Ita ba ta fara ba, tana gyara tsayuwar gwiwarta. Ina kiran sunanta, ni kaina ba na jin muryata. Herminia, matsa. Matsa gefe, don Allah… tafin ƙafata ya taɓa ƙarfen ƙasan mota.