Tsarabar Munich

Tun kafin jirginmu ya sauka na san matan Doha ba za su bar ni in huta ba. Kowacce ta ji cewa ni da mijina Abdulbaqi mun tafi Munich ta ƙasar Jamus yawon buɗe ido, kamar yadda Larabawan garin nan suke yi idan zafin Agusta ya fara gasa mutum da ransa. Abin da ba su ji ba shi ne, likita muka je gani. Mun haura shekara goma da aure, ko ɓari ban taɓa yi ba, kuma duk tsawon lokacin nan ni ake kallo. Shi bai taɓa yarda a gwada shi a Doha ba, don kowane asibiti ka shiga sai ka ci karo da ɗan gida. A Munich likita ya gaya mana ba tare da kwana-kwana ba: ni lafiyata ƙalau, shi ne ba zai haihu ba, kuma babu magani.

Ranar Juma'a bayan la'asar suka cika mana falo a gidanmu na unguwar Al-Sadd. Anti Shetu ta taso tun daga Al Wakrah. Ita ce babbarmu a nan, kuma ba a raba tsaraba a bayan idonta. Bilqis maƙwabciyata ta shigo tana tura cikinta a gaba, na uku ke nan. Na baje musu cakulan, da man shafawa, da wuƙaƙen kicin irin na Jamus da Anti Shetu ta dame ni da saƙo a kansu kamar ita ta biya mana kuɗin jirgi.

Sai labari. Wallahi na ba da shi yadda ya kamata. Na gaya musu agogon dandalin tsakiyar gari, wanda mutum-mutumi suke fitowa su yi ta juyi a cikinsa, manyan mutane sun daddage wuya suna kallo kamar yara. Na gaya musu kogin da samari suke hawa kan allo suna wasa da igiyar ruwa, ga ruwan da sanyi kamar ƙanƙara. Na kwatanta musu burodinsu mai lanƙwasa da aka barbaɗe da gishiri, da yadda muka yi ta tambayar masu abinci ko akwai alade, har muka gaji muka tare a shagon wani Baturke mai shawarma. Suka yi ta dariya. Ban gaya musu cewa a bakin kogin nan Abdulbaqi ya zauna tun azahar har rana ta faɗi yana kallon ruwa.

“Kin yi fes, Nasiratu,” in ji Anti Shetu, tana duba ni sama da ƙasa. “Ko dai akwai wata tsarabar da sai nan da wata tara za mu gani?”

“Kai, Anti!” Bilqis ta ce, tana rufe baki.

“To mene ne? Ni dai na gaya miki, akwai wata mata a Zariya, saiwarta ba ta ƙarya. Ki daina wasa da kanki. Mijin nan naki ya yi haƙuri da ke, ba kowane namiji ba ne zai iya.”

Na ce in sha Allahu, Anti. Na saba. Amma da na ɗaga kai sai na ga Abdulbaqi a bakin ƙofa, ya dawo daga masallaci, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ya ji komai. Ya gaishe su a ladabce ya wuce ɗaki, ni kuwa zuciyata ta yi ta ƙuna. Tun a jirgi na riga na yanke wa kaina cewa wannan magana da ni za a binne ta. Su ci gaba da cewa ni ce, ai fatata ta riga ta yi kauri.

Da suka watse ina tattara kofuna, sai ya fito da wata babbar leda ya ajiye a kan kujera.

“Taki ce,” ya ce.

“Tawa kuma? Injiniya, yaushe aka fara yi wa wanda aka yi tafiya tare da shi tsaraba?”

Injiniya nake ce masa. Sauran mata suna da Abban wane da Abban wance, ni ba ni da sunan da zan jingina masa.

Na buɗe. Kwat ce doguwa ta ulu, ruwan toka, mai nauyi kamar bargo. Na gane ta. A wani kanti na gwada ta, na juya a gaban madubi, sannan na mayar na ce me zan yi da wannan a Doha, inda ko a Janairu mayafi ya ishe ni.

“Ka manta inda muke zaune ne?” na ce, ina ƙoƙarin yin dariya. “Ko so kake in dahu?”

Bai yi dariya ba. Ya zauna, ya haɗa hannuwansa tsakanin gwiwoyi.

“A Jos za ta yi miki amfani.”

A Jos iyayena suke. Sai da na maimaita maganar a raina kafin ta shige ni, na zauna a kan kafet.

“Ban gane ba.”

“Kin gane, Nasiratu. Har yanzu kina da sauran lokaci, likita ya faɗa a gabana. Ba zan riƙe ki har lokacin ya wuce ba.”

“Wa ya ce maka riƙe ni kake yi? Na kawo maka ƙara ne?”

“Ba ki kawo ba. Ba kuma za ki taɓa kawowa ba, shi ya sa.”

Raina ya ɓaci, irin ɓacin da ke zuwa tare da kuka. Na tuna masa shekarar da Hajiyarsa ta kira shi ta ce ya sallame ni, ya ce mata ko duniya za ta taru ba zai yi ba. Na tuna masa bikin ƙanwarsa, da aka yi mini habaici a gaban mutane, ya kama hannuna muka bar wurin ko abinci ba mu ci ba.

“Lokacin da ake cewa ni ce, ka zauna da ni,” na ce. “Yau da ta zama kai ne, ni ba ni da ikon in zauna da kai? Kai kaɗai ka iya so?”

Ya ɗago, hawaye na zuba. Tunda nake da shi ban taɓa ganin hawayensa ba, ko a Munich.

“Ɗazu na ji abin da Anti Shetu ta ce miki, na ji kin ce in sha Allahu. Haka za ki yi ta cewa har ki tsufa, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa ina ji. Wallahi ba zan iya ba.”

“To ni zan iya. Ka bar ni in iya.”

“Na sani,” ya ce. “Ki yafe mini.”

Na rarrafa na kama ƙafarsa, na ce ya yi wa Allah kada ya furta saki, ya bari ko zuwa bayan Sallah, mu je Umra mu roƙi Allah tare. Ya sunkuyo ya ɗora hannunsa a kaina, ya daɗe a haka har na fara sa rai.

Sannan ya kira sunana cikakke, da na mahaifina, yadda aka kira shi ranar ɗaurin aure.