Tsarabar Yaya

Ina cikin shanya aka bugo waya, wai Yaya ya rasu a wata ƙasa, wajen kallon wani tsohon gini. Tun da ya bar aikin jirgin ƙasa yake yawon ganin kangaye da dazuzzukan da duniya ke adanawa.

In ya dawo nakan ce, "Ina tsarabata?"

"Ke Auta, can ko tsakuwa an hana ɗauka. Kakkaɓe takalmana ki samu rabonki."

Ni kuwa da gayya nake kakkaɓe su a tukunyar furena.

Da jakarsa ta iso, takalman na fara nema, ina fargabar ko an wanke. Ba a wanke ba. Jar ƙasa ce, cikin cokali. Na zuba a tukunyar. Kullum da safe ina ba furen ruwa.